Yadda za ka jawo matasan ma'aikata cikin ƙungiyar ƙwadago, su shigo kuma su zauna

Duk wanda ya taɓa riƙe reshen ƙungiyar ƙwadago ya san wannan ciwon. Ka kira mitin, ka tura sanarwa tun ana saura sati guda, ranar ta zo ka ɗaga kai ka duba ɗakin sai kaga fuskokin nan dai da ka saba gani shekara da shekaru, kusan kowa da furfura, wasu ma lissafin ritaya suke, alhali idan ka tsaya bakin get da safe yawancin masu shigowa aiki yara ne 'yan ashirin da wani abu. Sun san ana mitin sarai, basu zo bane kawai. Daga nan sai manya su fara cewa ai yaran yanzu basu da kishi, waya kawai suka sani, basu san wahalar da aka sha kafin a samu abinda suke mora ba. Na daɗe ina jin wannan maganar, har na taɓa faɗinta da bakina, amma yanzu ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Wani yaro ne a sashen lodi ya canza min tunani. Na tsaya na miƙa masa hannu nace ƙanena ya sunanka, ya kake ganin aikin nan, sai ya kalle ni yace, "Oga, wata 8 kenan ina nan, duk wata ina ganin an cire min kuɗin ƙungiya a takardar albashi, amma kai ne mutum na farko daga ƙungiyar da ya tambaye ni sunana." Wallahi na rasa abin cewa. Ashe mu ne bamu je ba, muna zaune a ofis muna jira su zo.

Toh abu na farko kenan, ka daina kira, ka tashi ka je. Kuma ba zuwa da lasifika ko takardar raba wa jama'a nake nufi ba, hira ce mutum ɗaya da mutum ɗaya, lokacin hutu, ko bayan an tashi, ko a inda suke jiran mota, inda dai idon manaja baya kansu. Idan ka zauna da yaro ka riƙe bakinka, ya zamana shi ne yake yawancin maganar. Wannan yana mana wahala mu da muka daɗe, don mun saba jawabi, da an ce uffan sai mu ɗauko tarihin gwagwarmaya tun daga farko. Ka ajiye tarihin tukuna. Ka tambaye shi yaushe ya fara aiki, ta wace hanya aka ɗauke shi, me yafi ci masa rai a satin nan, da za a ce ya gyara abu ɗaya tak a wajen nan me zai gyara, kuma wa yake ganin yana da ikon gyarawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan kun rabu, ba a gabansa ba, ka fito da ɗan littafinka ka rubuta sunansa da sashensa da shif ɗinsa da abinda ya faɗa, saboda idan kun sake haɗuwa ka tambaye shi ya aka ƙare da maganar obataim ɗin nan, a nan ne zai san da gaske ka saurare shi.

Idan kayi irin wannan hirar da mutum 20 ko 30 zaka gane abinda ƙungiya take ta ihu a kai da abinda yake hana yaran barci sun sha bamban. Mu muna maganar fansho da garatuti da ƙarin girma. Shi kuwa bai ma san ko zai kai wata mai zuwa a wajen ba. Damuwarsa an ce lokacin gwaji wata 6 ne gashi ya shekara ba takardar tabbatarwa, ko jadawalin shif da ake canzawa da daddare ba sanarwa, ko awannin da yayi na ƙari aka ce ba'a gani a kwamfuta ba, ko safar hannu da takalmin aiki da aka ba tsofaffin ma'aikata shi aka ce ya jira, ko wani shugaban sashe da yake zaginsa a gaban mutane. Idan kazo wa irin wannan yaron da maganar fansho kamar kana masa labarin wata duniya ne.

Sannan ga babbar matsalar da yawancin rassa basa son taɓawa, wato 'yan wucin gadi da 'yan kwantiragi, waɗanda wani kamfanin daban ya ɗauko ya kawo. Mafi yawansu matasa ne, aiki ɗaya suke da kai, inji ɗaya, zafi ɗaya, amma a takarda ba ma'aikatan wajen bane, kuma sau da yawa tsarin mulkin ƙungiyar da kansa ya rufe musu ƙofa. Ka ɗauko kundin ku ka karanta, idan haka yake to aikinka ne ka kai ƙudurin gyara a babban taro, kuma a sa musu kuɗin wata daidai ƙarfinsu. Ƙungiyar da ta bar su a waje ta ajiye wa kamfani mutanen da zasu riƙe aiki ranar da ta shiga yaji, kuma ba laifinsu bane. Wannan rigimar ta wanene ma'aikaci ana yinta ko'ina, a Birtaniya sai da direbobin Uber, kamfanin motocin haya da ake kira ta waya, suka je har kotun ƙoli, a watan Fabrairun 2021 kotun tace su ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, duk da kamfanin yace masu zaman kansu ne.

Yanzu maganar neman jagora, a nan ne mutane da yawa suke kuskure, don haka bari in ɗan tsaya. Zaka ga wani yaro mai zafi, baki kamar reza, kullum shi ne yake zagin mahukunta a guruf ɗin WhatsApp, shi ne farkon wanda zai zo yace yana tare da kai. Ka karɓe shi, yana da amfaninsa, amma kar ka ɗauka shi ne jagoran sashen. Jagora na gaske sau da yawa baya surutu, wataƙila ma baya son ƙungiya, amma ya iya aikinsa, kuma idan inji ya tsaya ko an ba wani takardar tuhuma wajensa ake gudu. Hanyar gano shi mai sauƙi ce, duk wanda kayi hira da shi ka tambaye shi, idan abu ya ɗaure maka a nan wa kake nema? Wa ya koya maka aikin? Idan mutum 6 cikin 10 sun ambaci suna ɗaya to ka samu mutuminka. Sai ka samu babbar takarda ka zana wajen aikin sashe-sashe, shif-shif, ka rubuta sunan kowa, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda ake jin maganarsu. Duk sashen da ka duba baka da kowa a ciki, nan ne aikin sati mai zuwa yake. Takardar nan kuma ka adana ta a gida, kar ta kwana a ofis.

Shawo kan irin wannan mutumin yana ɗaukar lokaci, zai iya ce maka shi ba ruwansa da siyasar ƙungiya, zai iya jero maka laifukan shugabannin baya, wasu ma gaskiya ne. Kar ka kare abinda bai cancanci kariya ba. Kace masa haka ne an yi, shi yasa nazo wajenka. Ranar da ya yarda, sashen gaba ɗaya ne ya yarda.

Kuma kar shekaru su ruɗe ka. A birnin New York na Amurka a watan Nuwamban 1909 an tara masu ɗinkin riguna a babban zaure, manyan shugabannin ƙwadago suka yi ta jawabi awa da awanni ba matsaya, sai wata matashiya 'yar shekara 23 mai suna Clara Lemlich ta nemi a bata dama, ta hau ta yi magana da yaren Yidish, yaren da yawancin ma'aikatan suke ji, tace a tafi yajin aiki na gama gari. Kusan mutum 20,000 suka fita, yawancinsu 'yan mata. Ita a cikinsu take aiki, ta san inda suka kai, shi yasa maganarta ta kama.

Da zarar ka samu mutum 4 ko 5 irin waɗannan, kar ka kai su mitin ɗin reshe tukuna su zauna suna sauraron karatun minit, wato rahoton zaman baya, na awa guda. Ku zauna ku kaɗai, ku zaɓi matsala ɗaya. Ta zama wadda ta dami mutane da yawa, ta dame su sosai, kuma akwai mutum ɗaya takamaimai da zai iya cewa a gyara a gyara, sannan ana iya cin nasara cikin makonni. Ƙarin albashi ba abin farawa bane, wannan dogon yaƙi ne. A wajenmu da jadawalin shif muka fara, buƙatar kawai a riƙa liƙa shi ana saura kwana 7. Ni da zan iya shiga ofishin manaja in yi maganar, ƙila ma a yarda, amma da nayi haka da yaran sun koyi cewa ƙungiya wani oga ne da ake kai wa kuka. Sai su suka rubuta takardar koken da kalmominsu, su suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya aka sa hannu, muka ce ba za'a miƙa ba sai kusan kowa a sashen ya sa, kuma ranar miƙawa su 12 suka tafi tare lokacin hutu, ni ina bayansu ban ce komai ba. Yarinyar da ta riƙe takardar hannunta rawa yake har takardar tana motsi, amma ta karanta ta har ƙarshe. Bayan sati 2 aka fara liƙa jadawali. Yaron nan na sashen lodi shi ya ɗauki hoton allon ya tura wa kowa, ya rubuta mu muka yi wannan.

Sa hannun nan kansa awo ne. Idan ka ce a sa hannu mutum 15 cikin 60 suka sa, to ka san baku shirya ba, a koma hira. Daga sa hannu sai a gwada wani abu da ya ɗan fi shi nauyi, misali kowa ya maƙala baji rana ɗaya, sai hoto na taro da fuskokin kowa, a haka a haka kana ƙirgawa kana ganin wane sashe ne ya tsaya wane ne yake rawa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, wanda bai taɓa sa hannu a takarda ba kar ka sa ran ganinsa bakin get ranar yaji.

Ƙananan abubuwan nan ba raini bane. 'Yan matan kamfanin ashana na Bryant and May a gabashin Landan da suka fita yaji a 1888, su kusan 1,400, da yawansu basu kai shekara 20 ba, abinda ya ishe su tarar da ake cire musu ne idan sun makara ko sun yi magana, da sinadarin farin fosfaros mai ruɓar da muƙamuƙi, sai kuma aka kori ɗaya daga cikinsu. Cikin makonni kaɗan aka soke tarar, aka ware musu ɗakin cin abinci nesa da sinadarin, suka kafa ƙungiyarsu.

Sai maganar tsoro. Don Allah kar ka taɓa ce wa yaro babu abinda zai faru, ƙarya ce kuma ya sani. Ka gaya masa gaskiya, eh ana iya matsa maka, ga abinda doka ta tanada, ga abinda mu zamu yi. Hukumar ƙwadago ta duniya ILO, wadda aka kafa tun 1919, tana da yarjejeniya mai lamba 87 ta 1948 kan 'yancin kafa ƙungiya da shiga cikinta, da mai lamba 98 ta 1949 wadda ta hana a kori mutum ko a cuce shi don yana ƙungiya, kuma ƙasashe masu yawa sun sa hannu. Ka haɗa da dokar ƙwadago ta ƙasarku da yarjejeniyar da ke tsakaninku da kamfani, ka fitar da abinda ya shafe su a shafi ɗaya da harshen da suke ji. Amma ka faɗa musu doka tana tafiya a hankali, abinda yake kare mutum nan take shi ne yawan waɗanda zasu tsaya idan an taɓa shi. Shi yasa wanda yake lokacin gwaji ko ɗan kwantiragin da saura wata ɗaya a sabunta masa ba'a sa shi a gaba, a bashi aikin da ba'a gani. Kowa kuma ya kiyaye aikinsa, kar ya makara, kar ya bada ƙofa, ya riƙa rubuta rana da lokaci da shaidu duk sanda aka kira shi ofis aka yi masa wata magana.

Ka kuma yi musu rigakafi. Tun kafin mahukunta su buɗe baki ka tambaye su, me kuke ganin manaja zai ce idan yaji? Su da kansu zasu lissafo, zai ce mu iyali ɗaya ne, zai ce ƙungiya kuɗinku take so, zai ce ƙofata a buɗe take, zai kira ɗaya daga ciki ya yi masa alƙawarin ƙarin girma. Ranar da aka faɗa musu hakan sai su kalli juna, maganar bata kama su ba.

WhatsApp da sauransu suna da amfani wajen tunatarwa da yaɗa labari da sauri, kuma ka bar yaran su riƙe, sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Sai dai ka sa a ranka duk abinda aka rubuta a guruf mai mutum 100 manaja ya karanta shi kafin dare. Sunaye da dabara da ranar da za'a yi abu, baki da baki. Kuma alamar yatsa a ƙarƙashin saƙo ba alƙawari bane, mutum 80 zasu danna, 9 su zo.

Idan lokacin kawo su mitin yayi, to mitin ɗin ma sai ya canza. A fara kan lokaci, kar ya wuce awa ɗaya, a rage jerin gaisuwar manya, a sa shi a lokacin da mai shif ɗin dare da mai goyo zasu iya zuwa, kuma kowa ya tashi da ɗan aiki a hannunsa, ko da yin magana da mutum 2 ne kafin sati ya zagayo. Idan yaro ya ɗaga hannu ya faɗi abinda bai yi daidai da tsari ba kar a yi masa dariya, kar wani ya ce yaushe kazo. Sau ɗaya aka yi masa haka ya tafi kenan, kuma da abokansa zai tafi. 'Yan mata kuwa akwai abinda ba zasu taɓa faɗa a ɗaki cike da maza ba, musamman idan wani mai muƙami ne yake damunsu, don haka a samu mace amintacciya da zasu iya samu a keɓe, kuma ƙungiya ta san me zata yi idan ƙorafin ya zo, har da idan wanda ake ƙorafi a kansa ɗan ƙungiya ne. ILO ta fitar da yarjejeniya mai lamba 190 a 2019 kan cin zarafi da tsangwama a wajen aiki, ya kamata wakilai su san da ita.

Yanzu ga inda abin yake da ɗaci, kuma da mu manya nake. Reshe da yawa suna da kwamitin matasa, amma idan ka duba aikinsa jera kujeru ne, da riƙe kwalaye ranar 1 ga Mayu, da rera waƙa. Yaran ba wawaye bane, suna gani. Idan ana son su zauna sai an basu abu mai nauyi, kujera a majalisar zartarwa da ƙuri'a cikakkiya, ba ɗan kallo ba, kasafin kuɗinsu da zasu tsara su kashe su kawo lissafi, da mutum ɗaya ko biyu a teburin tattaunawa da kamfani, ko da farko rubutu kawai zasu riƙa yi. Su zaɓi wakilansu da kansu, kar ciyaman ya naɗa yaronsa. Kuma a buɗe littafin kuɗi, a liƙa abinda ya shigo da abinda ya fita, don tambayar farko da matashi yake yi ita ce ina kuɗina suke zuwa, kuma yana da haƙƙin ya sani. Zasu yi kuskure, zasu yi gaggawa, wani lokacin zasu ƙalubalance ka a gaban mutane har ranka ya sosu. Ka daure. Mu ma haka muka yi wa na gabanmu, kuma wanda zai iya tsayawa ya musa maka shi ne zai iya tsayawa gaban darakta. Abinda zaka yi shi ne ka haɗa kowane sabon wakili da tsohon hannu, su riƙa zuwa sauraron ƙorafi tare, karo na farko yaron ya kalla, na biyu suyi tare, na uku shi zai yi tsohon yana gefe.

Ka kuma shirya su wa doguwar tafiya. A watan Disambar 2021 ma'aikatan wani shagon kofi na kamfanin Starbucks a birnin Buffalo na Amurka, yawancinsu matasa, suka kaɗa ƙuri'a 19 da 8 suka kafa ƙungiya, abin ya bazu zuwa ɗaruruwan shaguna. A watan Afrilun 2022 ma'aikatan wani katafaren ɗakin ajiyar kayan kamfanin Amazon a Staten Island da ke birnin New York suka ci nasu zaɓen, bayan masu shirya abin sun shafe watanni a tashar bas ɗin da ke kusa da wajen suna hira da masu shiga da masu fita. Amma duka biyun an shekara 2 bayan zaɓe ba'a kai ga sa hannu kan yarjejeniya ba, kuma a tsawon lokacin da yawa cikin waɗanda suka fara sun bar aikin. Matasa suna yawan canza wajen aiki, haka rayuwarsu take, ba cin amana bane. Don haka duk wanda ka horar, tun yana nan ka sa shi ya horar da wani a sashensa, littafi da lambobi kar su zauna a wayar mutum ɗaya.

Sannan sababbin ɗauka. A samu wanda aikinsa kenan, duk wanda aka ɗauka a same shi cikin satinsa na farko, kuma sa'ansa ne zai same shi, ba ciyaman ba. Ya nuna masa inda ake karɓar kayan kariya, ya nuna masa yadda ake karanta takardar albashi layi-layi har wajen da aka cire kuɗin ƙungiya, ya gaya masa idan an kira ka ofis kan wani laifi ka sanar da wakili kafin ka sa hannu a komai, ya bashi lambar waya. Idan zaku sake zama da kamfani ku sa a cikin buƙatunku a ba ƙungiya minti 30 ranar da ake yi wa sababbi bayanin aiki. A reshenmu yaron nan na sashen lodi ne yake riƙe da wannan aikin yanzu, yana da ɗan littafinsa, duk Litinin yana tsayawa bakin get ya ga ko akwai sabuwar fuska.